Idan jami'a ta riƙe maka digiri, me kotu za ta iya ƙwato maka?

Yawancinku da kuke ajin ƙarshe na sakandare, hankalinku yanzu yana kan abu biyu ne: jarrabawar WAEC ko NECO, sai kuma JAMB. A ganinku, da zarar sunan mutum ya fito a jerin waɗanda jami'a ta ɗauka, shi ke nan an gama wahala, saura shekara huɗu ko biyar a sa doguwar riga da hula mai tunku a ɗauki hoto da su Mama. Haka akasari abin yake kasancewa. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Akwai waɗanda suka shiga jami'a lafiya, suka zauna duk darasi, suka rubuta jarrabawar ƙarshe, abokan karatunsu suka tafi bautar ƙasa suka dawo, su kuwa har yau ba takarda a hannu. Wasunsu sun haƙura. Wasu kuma sun ɗauki lauya sun maka jami'ar a kotu.

A wannan mako mun bi sawun waɗanda suka je kotun ne, domin mu ga abin da suka samo. Wasu daga cikin shari'o'in sun kai har Kotun Ƙoli, kuma hukuncin da aka yanke a kansu shi ne dokar da za ta hau kanku ranar da kuka sa hannu a takardar rantsuwar shiga jami'a.

Wa ke da digirin?

Mu fara da abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba. Kowace jami'a a Najeriya tana da dokar da ta kafa ta, ko lasisin da aka ba ta idan mai zaman kanta ce. Dokar jami'o'in gwamnati ta raba iko gida-gida. Majalisar gudanarwa ita ke kula da kuɗi da dukiya da ɗaukar ma'aikata. Majalisar malamai kuwa, wadda ake kira Sanet, wadda shugaban jami'a ke jagoranta tare da furofesoshi da shugabannin tsangayoyi da na sassa, ita ke da wuƙa da nama a kan duk abin da ya shafi karatu: me za a koyar, yaya za a yi jarrabawa, wa ya ci, wa ya faɗi, wa za a ba digiri. A saman su duka akwai wanda doka ta kira Mai Ziyara. A jami'o'in tarayya Shugaban Ƙasa ne, a na jihohi kuma gwamna.

Ma'anar wannan ita ce, makin da malaminka ya rubuta a kan takardarka bai zama sakamako ba tukuna. Sai ya bi ta sashe, ya bi ta tsangaya, ya isa gaban Sanet ta amince. Shi ya sa za ka ji 'yan ajin ƙarshe suna cewa "muna jiran Sanet ta zauna". Kuma ranar bikin yaye ɗalibai, idan ka kasa kunne, za ka ji ana gabatar da masu karɓar digiri a matsayin waɗanda aka samu sun cancanta ta fuskar hali da ta fuskar ilimi. Hali ake fara ambata. Wannan kalma guda ta sha zama sandar da jami'a ke dogarawa a gaban alƙali.

Maiduguri, 1983

Shari'ar da ta fi kowace suna a wannan fage daga Arewa ta taso. A watan Fabrairun 1983 tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri. An ƙona kaya, an farfasa gine-gine, an yi wawaso, an ci zarafin mutane. Da ƙura ta lafa, hukumar jami'a ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya miƙa rahoto, aka kori ɗaliban da aka ce da hannunsu a ciki. Wasu daga cikin korarrun suka garzaya babbar kotu a Maiduguri. Shari'ar ta shiga littattafan lauyoyi da sunan ɗaya daga cikinsu, Garba, kuma shahararren lauyan nan na Legas, marigayi Gani Fawehinmi, shi ya tsaya musu.

Babbar kotu ta ba ɗaliban gaskiya. Jami'a ta ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin. Ɗaliban suka wuce Kotun Ƙoli, kuma a 1986 kotun ta soke korar.

Abin lura shi ne, Kotun Ƙoli ba ta ce ɗaliban ba su yi laifi ba. Ba wannan aka tambaye ta ba. Abin da ta duba shi ne hanyar da aka bi aka hukunta su, kuma ta sami ramuka manya. Na farko, wanda ya shugabanci kwamitin binciken shi ne mataimakin shugaban jami'ar, alhali shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da shi aka yi wa ɓarna, ko da kuwa ya fi kowa gaskiya, domin mai kallo daga waje ba zai taɓa yarda an yi adalci ba. Na biyu, ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar sanin abin da ake tuhumarsu da shi da kare kansu ba. Na uku kuma, wanda ya fi tayar da ƙura, kotun ta ce ƙone-ƙone da sata da cin zarafi manyan laifuka ne a dokar ƙasa, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon cewa wane ya aikata irin wannan laifi, ba kwamitin malamai ba.

Tushen hukuncin shi ne sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1979, wanda ya tanadi cewa a ji ta bakin mutum kafin a yanke masa hukunci. A kundin 1999 da muke amfani da shi yanzu, wannan tanadi yana sashe na 36. Ku riƙe lambar. Mu a ganinmu babu wani sashe na kundin da ya fi kusa da rayuwar ɗalibi kamarsa, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ko a zauren mai unguwa, ba a yanke magana sai an kira wanda ake ƙara an ce "to, kai me ka ce?"

Shugabannin jami'o'i ba su ji daɗin hukuncin ba. Kukansu shi ne, idan sai an jira kotu kafin a taɓa ɗalibin da ake zargi da laifi, to, wanda aka kama da makami a ɗakin kwana zai ci gaba da zama cikin 'yan uwansa har shekarun da shari'a za ta ɗauka. Kukan yana da ƙamshin gaskiya, kuma daga baya kotuna sun ɗan sassauta. A 2004, a wata shari'a da ta taso daga Jami'ar Kalaba, Kotun Ƙoli ta amince cewa jami'a na iya dakatar da ɗalibi yayin da ake bincike domin kare zaman lafiyar makaranta. Amma asalin ƙa'idar Maiduguri tana nan daram: kafin a raba ɗalibi da karatunsa a matsayin horo, a gaya masa laifinsa, a saurare shi, kuma mai sauraron ya kasance ba shi da ruwa a cikin rigimar.

Inda alƙali ke ja da baya

To, kada wannan ya sa ku ɗauka kotu kullum tana bayan ɗalibi. Shekara ɗaya kafin hukuncin Maiduguri, wato a 1985, Kotun Ƙolin dai ta yanke hukunci a kan wasu ɗaliban koyon aikin lauya na Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo. An riƙe musu sakamako ne bisa zargin sun ga tambayoyin jarrabawa kafin ranar rubutawa. Suka nemi kotu ta tilasta wa jami'a ta saki sakamakon. Kotun ta ƙi. Ta ce Sanet ba ta gama aikinta a kan batun ba, kuma maganar wa ya ci jarrabawa maganar cikin gida ce ta jami'a, wadda doka ta tanadi hanyoyin warware ta har zuwa ga Mai Ziyara.

Shekara ashirin bayan haka, a 2005, aka sake jaddada wannan a shari'ar wani ɗalibin digiri na biyu mai suna Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi. Ya rubuta kundin bincikensa, ya kare shi a gaban masu jarrabawa, amma da maganar ta isa Sanet sai ta ƙi amincewa da aikin, ta ce ya bar karatun. Ya bi kotuna har zuwa ta ƙoli, bai yi nasara ba. Alƙalan suka ce ba za su ɗauki aikin Sanet su ɗora wa kansu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Alƙali ya karanci shari'a, bai karanci kimiyyar ƙasar noma ko tiyata ba. Idan aka ce kotu ta duba takardar jarrabawar ɗalibin likitanci ta ce ya cancanci ci, gobe wannan ɗalibi shi zai riƙe wuƙar fiɗa a kan ɗan wani. Kuma darajar digirin kowa, har da naku nan gaba, ta dogara ne a kan cewa masana fannin ne suka ce mai shi ya iya. Ranar da aka fara samun digiri da umarnin kotu, ranar takardar kowa ta rage nauyi. A nan muna tare da alƙalan, ko da yake mun san wannan ƙa'ida tana iya zama mafakar malamin da ya kayar da ɗalibi don ƙiyayya, ko don ɗaliba ta ƙi ba shi abin da ya nema. Irin wannan zalunci yana faruwa, kuma tabbatar da shi a gaban kotu abu ne mai wuya ƙwarai.

Akwai kuma tarkon da ya kama wani ɗalibin Jami'ar Ilorin da aka kora bisa zargin maguɗin jarrabawa. Dokar jami'ar ta ba shi damar kai kuka gaban majalisar gudanarwa, amma bai jira wannan ba, ya tafi kotu kai tsaye yana cewa an tauye masa haƙƙinsa na ɗan Adam. A 2006 Kotun Ƙoli ta watsar da ƙarar. Daga cikin abin da aka fahimta daga hukuncin, zama ɗalibin wata jami'a ba ya cikin jerin haƙƙoƙin da kundin tsarin mulki ya lissafa, don haka ƙofar da ya shigo ta ita ba ita ce daidai ba. Ko a duba gaskiyarsa ba a kai ga yi ba. Da Bahaushe ya ce shari'a saɓanin hankali, irin wannan yake nufi.

Ɗalibar da ta jira fiye da shekara goma

Shari'ar da ta fi dacewa da tambayar da muka yi a kanun wannan rubutu ita ma daga Ilorin ta fito. Rasheedat Adesina ɗaliba ce a fannin kimiyyar haɗa sinadarai, kuma tana cikin masu faɗa a ji a ƙungiyar ɗalibai. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi zanga-zanga a jami'ar, hukuma ta tuhume ta tare da wasu. Rigimar ta yi tsawo. Bayan dawowar mulkin farar hula, Shugaban Ƙasa a matsayinsa na Mai Ziyara ya sa baki, aka kafa kwamitin sasantawa, aka yafe wa ɗaliban, ita ma ta rubuta takardar ban haƙuri, ta koma aji ta ƙarasa karatunta.

Sai dai sakamako bai fito ba. Ba a ce ta faɗi ba, ba a ce ta ci ba. Ta yi ta rubuta takardu tana bin ofisoshi, shiru. Daga ƙarshe ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Ilorin. Jami'ar ta zo da hujjar da kuka riga kuka sani: bayar da digiri maganar cikin gida ce, kotu ba ta da hurumi. Kotun ba ta karɓi wannan ba, ta ba ɗalibar gaskiya. Jami'a ta ɗaukaka ƙara, ta sha kaye. Ta sake ɗaukakawa zuwa Kotun Ƙoli, kuma a 2014 ta sake shan kaye. A wannan shekarar dai kotun ta yanke makamancin hukuncin a kan wani abokin gwagwarmayarta, Akinola, wanda shi ma aka riƙe wa nasa sakamakon.

A nan ne Kotun Ƙoli ta ja layin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Ta ce sakin sakamako daban, bayar da digiri daban. Kotu ba za ta ce wa Sanet "ba wane digiri" ba. Amma ɗalibin da ya biya kuɗi, ya zauna darasi, ya rubuta jarrabawa, yana da haƙƙin ya san abin da ya samu. Idan ya bi duk hanyoyin cikin gida, ya roƙa, ya rubuta, jami'a kuma ta kafe, ba ta saki sakamakon ba, ba ta kuma kawo gamsasshen dalilin riƙe shi ba, to maganar ta tashi daga ta cikin gida, kotu za ta shiga.

Ku kwatanta da shari'ar Ife. A can, jami'a tana da dalilin da ta faɗa, kuma tana cikin bincike. A nan, an riga an yafe laifin, ba sauran abin da ake bincike, riƙewa ce kawai. Kalmar "hali" da muka ambata a baya ba ta zama lasisin da shugabannin makaranta za su rama abin da ɗalibi ya yi musu ba.

Nasara ce babba, kuma ɗalibai da yawa sun ci albarkacinta. Amma ku lissafa kuɗin da aka biya. Yaron da aka kai aji ɗaya na firamare lokacin da ta ajiye alƙalamin jarrabawarta ta ƙarshe, ya kai ƙarshen sakandare kafin Kotun Ƙoli ta yi magana. A tsawon waɗannan shekaru ba bautar ƙasa, ba neman aiki da digiri, ba ƙarin karatu. Jami'a tana da lauyoyi da kasafin kuɗi, kuma ko shugabanta ya sauka wani zai hau ya ci gaba da shari'ar. Ɗalibi kuwa kuruciyarsa ɗaya ce, ita yake kashewa a zaman jira. Abin da ya fi ba mu takaici a labarin shi ne yadda hukumar da ta sha kaye a kotu biyu ta ga ya dace ta je ta uku, a kan takardar da fitar da ita ba zai ci mata yini guda ba.

Takardar da ta fito amma ba ta aiki

Akwai wani nau'in rigimar da ya fi waɗannan yawa a yau, kuma shi ne ya fi kusa da ku. Jami'a ba ta riƙe komai ba, ta ba ka digirinka da hatimi da sa hannu, amma inda za ka kai shi sun ce ba su san zancen ba.

A Najeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke amincewa da jami'a, kuma ita ke tantance kowane kwas daban-daban. Jami'a tana iya zama halastacciya amma wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba. Bayan NUC kuma, wasu fannoni suna da nasu masu gadin ƙofa. Likitanci yana da majalisar likitoci ta MDCN, injiniya yana da COREN, aikin jinya da haɗa magunguna kowanne da tasa majalisar, aikin lauya kuma yana da Majalisar Ilimin Shari'a, wadda ke riƙe da Makarantar Horas da Lauyoyi. Wasu daga cikinsu har adadin ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka suke ƙayyadewa. Idan an ba jami'a gurbin mutum ɗari ta kwashi ɗari uku, ragowar su za su sha zaman jira bayan kammalawa.

Ɗaliban shari'a na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, sun ɗanɗana wannan. Jami'ar ta gwamnatin tarayya ce, ta ɗauke su, ta koyar da su, ta yaye su. Amma Majalisar Ilimin Shari'a ta ce ba ta yarda a koyi aikin lauya ta hanyar karatu daga nesa ba, ta rufe musu ƙofar Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda ba mai zama lauya a ƙasar nan sai ya bi ta cikinta. Suka kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal. A 2017 kotun ta kori ƙarar, ta ce ba za ta tilasta wa majalisar ɗaukar wanda bai cika sharuɗɗanta ba. Mafitar da aka samu daga baya ba daga kotu ta zo ba. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta gyara dokar jami'ar, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a 2018, sannan aka shirya wa tsofaffin ɗaliban wani kwas na musamman kafin a karɓe su. Wasunsu magidanta ne masu 'ya'ya, da suka yi karatun da kuɗin albashinsu.

Sai kuma batun Kwatano, wanda ya taɓa gidaje da yawa a Kano da Kaduna da Katsina. A watan Disambar 2023 ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya wallafa yadda ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Daga baya a wannan shekara ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano mutum fiye da 22,000 masu ɗauke da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i takwas kacal gwamnati ta amince da su, biyar a Benin, uku a Togo. A cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai masu sayen takarda da gangan, akwai kuma yaran da iyayensu suka sayar da gona ko fili suka tura su, suka zauna suka yi karatun tsakani da Allah a makarantar da wani dillali ya rantse musu tana da rajista. Wa irin wannan yaro zai kai ƙara? Makarantar tana wata ƙasa, dillalin ya kashe waya.

A cikin gida ma akwai makamancin wannan rami. Tun 2017 JAMB ta kafa tsarin CAPS, inda duk gurbin karatu na digirin farko dole ya bi ta cikinsa, ɗalibi ya gani ya danna ya karɓa. Makarantu da dama sun ci gaba da ɗaukar ɗalibai ta bayan gida, su ba su tasu takardar shiga ba tare da sanin JAMB ba. Ɗalibi ba zai ga illar ba sai a shekarar ƙarshe, lokacin da aka nemi sunansa a rajistar JAMB don tura shi bautar ƙasa aka rasa. Idan wani ya ce muku "ka fara zuwa aji kawai, za a gyara daga baya", ku tambaye shi a rubuce wa zai gyara, kuma yaushe.

Wata uku

Idan rigima ta riga ta faru fa? Abin da shari'o'in nan suka nuna shi ne, alƙali zai fara tambayar ko ka bi matakan cikin gida: shugaban sashe, shugaban tsangaya, magatakarda, Sanet, majalisar gudanarwa. Kuma "na je na same shi a ofis" ba hujja ba ce. Kotu takarda take gani. Duk kukan da za ka kai, ka rubuta shi, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. Rasit ɗin kuɗin makaranta, fom ɗin rajistar kwasa-kwasai na kowane zango, katin jarrabawa, takardar da aka sa hannu ranar da ka miƙa kundin bincikenka, duk a adana su a jaka ɗaya, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Matsalar da ɗaliban jami'a ke kira ɓatan sakamako, inda ka rubuta jarrabawa amma a ce ba a ga makinka ba, sau da yawa takardar sa hannun shiga ɗakin jarrabawa ce ke raba gardama. Jami'o'i da yawa kuma suna da tsarin neman a sake duba takardar jarrabawa bayan biyan wani kuɗi, cikin wa'adin da littafin dokokin ɗalibai ya faɗa. Wannan littafi da ake rabawa a makon farko, wanda akasari ake jefawa ƙarƙashin katifa, shi lauyan jami'a zai fara buɗewa a kotu.

Kafin a kai ga lauya akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, wadda marigayi Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ya fara shugabanta. Tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan ko kwabo, kuma aikinta shi ne bin kadin wanda wata hukuma ta zalunta ko ta yi wa jan ƙafa. Wasiƙa daga gare ta takan sa fayil ɗin da ya kwana biyu a ƙasan tebur ya motsa.

Amma a nan akwai igiya mai kai biyu. Yayin da kake bin matakan cikin gida a hankali kamar yadda kotu ke so, agogo yana tafiya. Akwai tsohuwar doka ta kare jami'an gwamnati, wadda ta ce duk mai ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, ya shigar da ƙarar cikin wata uku daga ranar da abin ya faru. Kotuna sun fassara "jami'in gwamnati" har ya haɗa da hukumomi, kuma jami'o'in gwamnati sun sha fakewa da wannan doka. Tana da togaciya, misali idan cutarwar mai ci gaba ce ba ta tsaya ba, amma wannan gardama ce ta lauyoyi wadda ba kullum ake cin ta ba. Sannan sai an san kotun da za a je: ƙarar matakin da jami'ar tarayya ta ɗauka a harkar gudanarwarta, Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, bisa sashe na 251 na kundin tsarin mulki. Wanda ya kai ta wata kotun, zai iya shafe shekaru kafin a ce masa ya yi ɓatan kai, ya koma ya sake daga farko, idan lokaci bai riga ya ƙure masa ba.

Saboda haka wanda aka miƙa wa takardar kora ko ta soke sakamako, ranar ya kamata iyayensa su nemi shawarar lauya, ko da ba su yi niyyar shiga kotu ba tukuna. Yawancinmu idan irin wannan ta faru, sai mu fara neman wanda ya san wani a jami'ar, a je gaisuwa, a ce a dawo bayan Sallah, a dawo a ce shugaban sashe ya yi tafiya. Kafin a farga wata uku sun cika.